Akwatin Kuran Da Baba Ya Hana Kowa

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi a asibiti, can Agye, aka dawo da shi garinmu aka rufe shi bayan azahar. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, ba mai gardama a kan wannan. Kafin la'asar tabarmi sun cika ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, ni ina zaune gefen Inna da wani ɗan makulli rataye a wuyana ƙarƙashin hijabi. Kwana biyu kafin nan Baba ya ciro shi daga nasa wuyan ya miƙo mini, bai ko dube ni ba.

Katangarmu gajera ce, duk abin da maza ke faɗa a waje muna ji. Tun ranar farko na lura da wani abu. Kowa ya zo sai ya yi addu'a, ya ce marigayi mutumin kirki ne, sannan ya gyara murya ya ce, "Ni ma ya taɓa hana ni."

Mai gari ne ya fara. "Da rawanina na tahi, da sandata," in ji shi. "Na ce mishi waya ɗaya tal zan sa caji. Ya dube ni yac ce, ranka shi daɗe, akwatin ga bai san sarauta ba."

Liman ya ce nasa ya fi ciwo. Lasifikar masallaci ce ta mutu ana gobe Salla, ya je ya roƙi a ja masa wuta daga akwatin. "Yac ce mani, Malam, ba kai kak karantar da mu amana ba ran Juma'a? Da maƙogwarona na yi huɗuba, kwana ukku ban haɗiye tuwo da daɗi ba."

Wani jandarma da ya zo daga Gazawa ya ce shi da kakinsa aka hana shi, har aka tambaye shi ko ya zo da takarda daga buro, wato ofis. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, ana toshe baki da hannun riga, don zaman makoki ne. Wani baƙo daga Gidan Rumji, wanda bai taɓa roƙon Baba komai ba, ya zauna tsuru kamar wanda aka tsallake a rabon goro. Inna ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Su har suna da bakin ƙorafi. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina tuƙa mishi tuwo hwa? Rediyona ma bai taɓa shaƙar iskar akwatin ga ba."

Na ga in na yi shiru, nan da 'yan shekaru ba abin da za a tuna Baba da shi sai hani. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don a san abin da yake tsaro.

Garinmu, tsakanin Agye da Gazawa, ba shi da kuran, wato wutar lantarki. Turakun lantarki sun bi bakin kwalta sun wuce, ba su lanƙwaso wurinmu ba. Abin da muke da shi tashar ruwa ce, wadda ke shayar da mu da ƙauyuka biyu na kusa. Rijiyar burtsatse da famfonta suna fadama, shato kuma, wato babban tankin nan mai dogayen ƙafafun ƙarfe, yana bisa tudu. Tsakaninsu akwai na'urori shida da ke magana da juna ta igiya ɗaya da aka binne a ƙasa. Ta saman shato ta ce ruwa ya yi ƙasa, sai famfo ya tashi. Ta ce ya cika, sai ya tsaya. Cikin igiyar wayoyi huɗu ne, Baba ya ce biyu na magana ne, biyu na ci. Shi aikinsa na cin ne. Famfo yana da nasa manyan fano, allunan nan masu tara wutar rana, ba ruwan Baba da su. Nasa su ne ƙananan fano biyu a kan rufin ɗakin tashar, da batura a cikin wani akwatin ƙarfe, da wutar da ke fita daga nan ta bi igiya ta ciyar da na'urorin. Volt ashirin da huɗu, rani da damina.

"Bakin da bai ci ba, ba ya magana," haka yake cewa duk wanda ya tambaye shi amfanin aikinsa.

Duk ya raɗa musu suna. Babbar da ke cikin ɗaki ita ce Hajiya, don tana zaune a inuwa tana ba da umarni. Ta famfo Sarkin Noma. Mai auna maganin ruwa Likita. Biyun da ke buɗe wa ƙauyukan gabas da yamma ruwa su ne Tagwaye. Ta saman shato kuwa Auta, saboda ita ce ƙarshen igiya, sai wuta ta ratsa kowa kafin ta iso gare ta. In batura suka yi sanyi, Auta ce ke fara yin shiru. Don haka kowace safiya, da ya dawo daga masallaci, sai ya saɓa ma'auninsa ya hau tsanin shato har sama, ya auna abin da ya iso bakin Auta. A jikin akwatin akwai allura da ke nuna ƙarfin wuta, yana iya dubawa yana tsaye a ƙasa, amma bai yarda da ita ba.

"Ba a tambayar mai dahuwa ko yara sun ƙoshi," in ji shi. "Cikin yaran aka dubawa."

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma Baba ɗan gargajiya ne na ƙarshe wajen kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke wagga." "Ɗiyar nan." In yana cikin mutane, "ta wajena." Inna ma tana wannan kunyar, amma ita in ranta ya ɓaci takan manta ta kira ni da suna har da na kakata. Baba bai taɓa mantawa ba. Mutum ya raɗa wa ƙarfe shida suna, yana gaishe su da safe ɗaya bayan ɗaya, ni da ya haifa ina nan a "ke wagga." Na sha yi masa tsiya a kai, sai ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. Ina dariya, amma gaskiya abin yana mini zafi.

Da na gama lakol a Maradi, makarantar da na karanci aikin lantarki, na dawo da kaina a sama. Na zaunar da shi na zana masa lissafi a ƙasa da tsinke, na nuna masa cewa waya ɗaya ba abin da za ta rage wa baturan nan. Ya bi lissafin da ido har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Lissahinki daidai ne," ya ce. "Amma ba su koya muku ba a lakol, waya ɗaya ba ta zuwa ita ɗaya. Tana da dangi."

Ya san abin da yake faɗa, don ya taɓa gani da idonsa, kuma daga cikin gida abin ya fito.

Gwaggo yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a Cadakori, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk gardamar da ta shiga da Baba da magana ɗaya take rufe ta: "Ni na goye ka." Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta zo sunan ƙaramin ƙanena. Ana gobe suna Baba ya tafi Gazawa sayen rago, kuma a ranar, sau ɗaya tak a rayuwarsa, ya manta makullin a kan ƙusa a makewayi. Gwaggo ta shiga ta gan shi. Gida cike da baƙi, wayoyi duk sun mutu. Cikin baƙin akwai wani direban babbar mota da ya ce ai motarsa ma ashirin da huɗu take ci, yana da duk kayan jonawa. Gwaggo ta shige gaba, suka buɗe akwati. Aka jona waya goma sha huɗu da rediyo. Da direban ya ga abin ya karɓa, sai ya koma mota ya ɗauko butar dafa shayinsa ya ƙara.

Butar ce ta gama da Auta. Ta yi shiru famfo yana cikin aiki, ba wanda ya ce masa ya isa. Shato ya cika ya tumbatsa, ruwa ya dinga kwarara daga sama tun azahar. Ya gangaro tudu, ya ratsa ta bayan gidanmu, ya kwashe ƙuli-ƙulin da Gwaggo ta shanya a tabarma don 'yan suna. Batura kuwa suka kwanta, sai da ƙauyuka uku suka yi kwana biyu suna jan guga.

Baba ya dawo da la'asar, rago ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya hango shato yana ruwan sama shi kaɗai, ba ko ɗigon hadari. Bai yi ihu ba. Ya sauke rago, ya kashe famfo da hannu, ya shiga ya zare wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a ƙasa. Ya miƙa wa direba butarsa da shayin a ciki. Sannan ya juyo.

"Yaya, kin cinye abincin marayu."

Gwaggo ta riƙe ƙugu. "Ni kaka hwaɗa ma haka? Ni na goye ka! Sau nawa ka jiƙa mani baya ban ce komi ba, yau don ɗan ruwa ya zuba?"

"Nawa bai kai ƙauye ukku ba," in ji Baba.

Daga ranar ba su sake hira ba. Gaisuwa dai suna yi, don ba a yanke zumunci, amma sauran magana ta hannuna take bi. Suna zaune tabarma ɗaya Gwaggo za ta ce, "Gaya ma ubanki miyar nan gishiri ya yi mata yawa." Shi kuma ya ce, "Ke wagga, gaya mata ba ni na dahwa ba." Shekara goma sha ɗaya ina aikin Hajiya tsakanin tsofaffi biyu.

Ga abin da masu ƙorafin ƙofar gida ba su faɗa ba, ko da yake duk sun sani. Baba yana da wata jakar buhun shinkafa da ya ɗinka wa hannu. Duk ranar kasuwar Agye sai ya zagaya gidajen tsofaffi da na matan da mazajensu ke ci-rani, ya tattara wayoyinsu, ya ɗaura wa kowace zare mai launi don kada su cakuɗe, ya kai su wurin masu caji a kasuwa. Ya zauna yana gadinsu har su cika, ya dawo ya raba. In aka yi masa godiya sai ya ɓata rai ya ce dama hanya ce ta biyo da shi. Wayar mai gari ta shiga jakar nan ba sau ɗaya ba. Batirin lasifikar liman ma, bayan Salla, a bayan moton Baba ya je Agye ya dawo.

Gwaggo kuwa, duk zuwan da za ta yi garinmu, ba ta roƙo. Sai ta ajiye matacciyar wayarta a kan turmi a tsakar gida, ta shige ɗakin Inna. Baba ya fito, ya ɗauka, ko ba ranar kasuwa ba ce ya hau moto. Da yamma wayar ta dawo kan turmi a cike. Ba ta taɓa cewa ta gode ba, shi ma bai taɓa nuna ya san zancen ba.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙin tsani, ni na karɓi hawan shato, yana ƙasa yana ɗaga kai. "Nawa?" In ce ashirin da huɗu ba kaɗan. "Kaɗan ɗin nawa?" Ni ce na gyara tsarin yadda in Auta ta yi shiru famfo zai tsaya da kansa. Ya yaba, irin yabonsa: ya ce ba laifi. Amma ya tuna mini cewa yanzu in Auta ta ji yunwa ba ambaliya za a yi ba, ƙishirwa za a yi.

Ranar sadakar uku ta zo mana cikin damina sosai. Kwana biyu rana ba ta leƙo ba. Da safe na hau shato na auna, na ga ashirin da biyu da 'yan kai, Auta tana magana amma da ƙyar. A gida an ɗora manyan tukwane, jama'ar ƙauyuka uku suna hanya, kowa zai sha, kowa zai yi alwala. Mai cajin da ya buɗe shago a garinmu kwanan nan kuma tun jiya wayoyin baƙi suka kwantar masa da batir, ya rufe shago ya zo ya zauna cikin masu makoki.

Ina saukowa daga tsani na tarar da Gwaggo a bakin ɗakin akwati. Tun da ta iso ranar Talata ba ta yi kuka ba, sai faɗa take da masu dahuwa. Ta miƙo mini wayarta.

"Buɗe ki sa mani."

"Gwaggo, ki yi haƙuri."

"Ni na goyi ubanki. Ke ma na goye ki."

"Na sani, Gwaggo."

Ta matso, muryarta ta sauka. "Ba kira zan yi ba. Ya aiko mani da saƙon murya ran Litinin. Can wurinmu ba rezo, waya ba ta kamawa, bai buɗe ba. Muna shigowa Maradi na ji ya shigo, kahin in kai kunne wayar tam mutu. Shekara goma sha ɗaya, ban da gaisuwa, bai yi mani magana da bakinshi ba, ɗiyata. Ina son in ji mi yac ce."

Ban san da saƙon ba. Ina jin ya yi shi ne lokacin da na fita karɓo magani. Hannuna ya tafi wuyana da kansa, na kama makullin. Lissafina na nan a kaina, na san waya ɗaya ba za ta kashe Auta ba, ko a rana irin wannan. Na ɗaga ido. Bayan Gwaggo, daga bakin ɗakin har gindin bishiyar bedi, mata ne tsaye, sun kai talatin, matar mai gari a gaba. Kowace da waya a hannu, ta ɗan ɓoye ta a gefen zane.

Ban taɓa jin nauyin wata magana kamar wannan ba. Baƙin ta'aziyya ne, ba a hana su ko da ruwan ido. Na ce, "Gwaggo, akwatin ga ba ya buɗuwa."

Ta dube ni. Ta ce, "Jinin banza," ta juya ta tafi.

Na bi ta gida ina jin kamar in nutse. Na shiga ɗakin Baba, jakar buhun shinkafa tana rataye inda ya bar ta, da ƙullin zarurrukansa masu launi a ciki. Na fito da ita tsakar gida. Wayar Gwaggo tana kan turmi. Ita tana can bakin murhu ta ba ni baya, tana yi wa wata faɗan ta cika wuta.

Na ɗauka. Na zagaya matan nan na karɓi nasu, na ɗaura wa kowace zare. Na tayar da moton Baba, wanda sai an yi masa magiya sau uku yake tashi, na fita ta gaban maza da hijabina da jaka a baya. Na ji liman yana cewa, "La ilaha illallahu, ga shi nan ya dawo." Na tafi Agye cikin yayyafi, na zauna a rumfar mai caji ina gadi. Mai rumfar ya gane jakar kafin ya gane ni, ya yi mini ta'aziyya ya ba ni kujerar da Baba ke zama.

Na dawo bayan la'asar. An yi addu'a, an ci, an sha, famfo bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na raba wayoyi, na ajiye ta Gwaggo a kan turmi. Ta ɗauka, ta ja hannuna zuwa ɗakin Inna, ta ce in danna mata.

Muryar ta fito a gajiye, amma tasa ce.

"Yaya, ni ne. Likita ya ce in huta, ni kuwa na san irin hutun. To ki ji. In na tahi, na san ki, za ki zo ki tsaya bakin akwatin nan. Kar ki wahal da kanki, ba ta buɗe miki. Ta hi ni taurin kai, ke tab biyo." Ya yi tari. "Batun ruwan da ya zuba, na yahe tun ran nan, girman kai ne ya hana in hwaɗi. Ƙuli-ƙulinki ma ki yahe mani. Kin goye ni, ban manta ba. Ki riƙe mani ita."

Sai ya faɗi wadda yake nufi. Ya kira sunana, cikakke, a hankali, kamar mai gwada ko zai iya. Shekarata talatin da ɗaya, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakin ubana.

Gwaggo ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku. Inna ta rufe fuska. Ni na zauna a ƙasa kusa da su. Can Gwaggo ta share hanci ta ce, "Ji mutum, yana bakin kabari yana mani rowa. Sake sa shi." Na sake. Ta ce in ƙara. Muka yi ta saurara, muna kuka muna dariya, maƙwabta na shigowa ana sake musu, har wayar ta yi ƙara ta mutu a hannuna.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya yafe maka, ya sa maka haske a makwancinka irin wanda hadari ba ya ragewa. Marayunka shida suna ci suna magana.

Washegari rana ta fito. Na hau shato na auna, ashirin da huɗu cif, na faɗa da ƙarfi kafin in tuna ba kowa a gindin tsani. Da na dawo gida na tarar da wayar Gwaggo a kan turmi. Na ɗauka na sa a jaka, na tayar da moton Baba.